Baba Tsit, Mai Jin Ciwon Mota a Tafin Hannu

Kafin masu shagunan layin su gama buɗe ƙofofinsu, Baba Tsit ya riga ya share garejinsa. Ba ya yarda kowa ya riƙe masa tsintsiya. Yakan fara daga bakin ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, ya bi ta gindin injin daidaita taya ya ɗan jima a nan, domin a cewarsa tsakuwa guda in ta shiga ƙarƙashin ƙafar injin, to duk abin da zai faɗa a ranar ƙarya ne. In ya gama sai ya goge sandar injin da tsumma, ya jera gwangwanayen dalma bisa benci, ƙanana a hagu manya a dama, ya jefa gutsuren alli a aljihun gaba. Sannan ya wanke hannuwansa tas da sabulu kamar mai shirin shiga ɗakin tiyata, alhali da motar farko ta shigo za su koma baƙi ƙirin. Daga nan ya ja kujerarsa, wata tsohuwar kujerar mota da aka kafa bisa katako, ya zauna yana fuskantar titi da kofin shayinsa. Bakinsa na amsa gaisuwa, idonsa na kan ƙafafun motocin da ke wucewa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in yi maganarsa tun yana iya jin ta da kunnensa.

A garejin Baba ba a sauke inji, ba a fenti, ba a gyaran wuta. Ciwo ɗaya yake yi wa magani, kuma duk mai tuƙi ya san ciwon. Mota tana lafiya lau a cikin gari, amma da ta hau babban titi allurar maleji ta haura tamanin, sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sitiyari ya riƙa rawa a hannu, madubi ya raba motar da ke bayanka gida biyu, makullan da ke rataye su yi ta kiɗa. Wasu direbobin sukan rage gudu su ce halinta ne. Wasu su ƙara wuta, wai in an wuce ɗari tana dainawa. Baba ya fara wannan aiki tun kafin a haifi yawancin masu faɗin haka, kuma bai taɓa yarda cewa mota tana karkarwa don hali ba. Akwai dalili, sai dai in ba a nema ba.

In ka kawo masa mota, ba ya taɓa sufana sai ya gama yi maka tambayoyi kamar alƙali. A ina kake jin ta, a hannu, ko a mazauni, ko a tafin ƙafa? Tana zuwa ne in ka taka totur, ko in ka taka birki, ko kuwa ba ruwanta da abin da ka taka? Ka faɗa rami kwanan nan? Wa ya taɓa maka ƙafar motar? Daga nan sai ya shiga gefenka ku hau babban titi. Da an fara gudu zai miƙa hannu ya kashe rediyo, ya ɗora tafinsa a gefen sitiyari, ya lumshe ido. In ka buɗe baki za ka ba shi labari, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, “Tsit.” Ya faɗa wa 'yan kasuwa, ya faɗa wa 'yan sanda, ya faɗa wa surukinsa. Sunan ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu, don haka haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba.

Kiwon kaji nake yi a bayan gari, kuma ni da kaina nake kai ƙwai shagunan birni a wata tsohuwar doguwar mota da na cire wa kujerun baya. Wata damina motar ta fara wannan karkarwa. Duk ranar da na isa birni sai in tarar da kiret-kiret na ƙasa sun jiƙe, ƙwai ya tsattsage, bayan motar yana ƙarni. Masu shaguna suka fara yi mini magana a hankali, daga baya suka daina sassautawa, har babban mai sayena ya ce in aka sake kawo masa fasasshe zai nemi wata. Da ƙwan nan nake riƙe da karatun yarana, don haka maganar ta hana ni sukuni. Na canza shokozoba, na sa an yi mini saitin ƙafa, duk a banza. Maigidana, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba tunda aka haife shi, ya yanke hukunci cewa hannuna ne ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wani mai sayar mini da abincin kaji ne ya tura ni wurin Baba. Muna hawa titi na fara zayyana masa duk abin da na sha, tun daga farkon damina. Ya ce mini tsit. Na yi shiru na ɗan lokaci, na tuna ban gaya masa maganar shokozoba ba, na sake farawa. Ya sake ɗaga yatsa, ya ce, “Uwar Kaji, ke da motar duka kuna magana, ni kuma ita na zo ji.” Haushi ya kama ni, amma na rufe baki. Da muka kai inda take karkarwa sai ya ce in sa ta a firi in bar ta ta gangara da kanta. Karkarwar ba ta ragu ba. Ya ɗauke hannunsa daga sitiyari ya ɗora a kan kujera, daga nan ya sunkuya ya dafa ƙasan motar. Ya ce mu koma, ba inji ba ne, ba gaba ba ne, ƙafar baya ce.

A gareji ya ɗaga ta da jak, ya kafa wani guntun katako kusa da rim, ya riƙe allinsa a kai, ya juya tayar da hannu. Allin ya riƙa taɓa rim a wuri ɗaya yana tsallake sauran. Ya nuna mini farin zanen, ya ce nan ne ramin da na faɗa ya lanƙwasa shi. Na rantse ban faɗa rami ba, sai daga baya na tuna wanda ke bakin gonata, wanda nake faɗawa kullum har na daina lissafa shi cikin ramuka. Da ya kwance tayar kuwa, cikin rim ɗin cike yake da busasshen taɓon hanyar gona, ya daskare a gefe ɗaya kamar siminti. Ya kankare shi, ya miƙar da rim, ya ɗora a inji ya manna dalma inda nauyi ya gaza. Kafin in tafi ya ce duk ranar da na bi taɓo in sa a wanke cikin ƙafafun, ba wajen da mutane ke gani kawai ba.

Washegari na shiga birni da lodi har rufi, ko ɗaya bai tsage ba. Na tsaya a gefen shagon farko ina ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, mai shagon yana tambayata ko lafiya. Na ce lafiya ce ta kawo haka. Tun ranar ban sake kai ƙafar motata wurin kowa ba sai shi, kuma zaman jiran da nake yi a bencinsa shi ya sa na ga abubuwan da zan faɗa.

Akwai wani ƙaramin asibiti da ke tura marasa lafiyar da suka fi ƙarfinsa zuwa babban asibitin birni. Direban motarsu ya zo wata safiya ransa a ɓace. Ya ce ma'aikatan jinya sun sa shi gaba, wai in an ɗauko mai karaya ko wadda aka yi wa aiki, da an hau babban titi sai su fara kuka suna roƙon a tsaya. Shi kuwa a gaba ba ya jin komai, sitiyari lafiya lau, har an fara cewa tuƙinsa ne ba shi da tausayi. Baba ya bi shi suka hau titi, shi ma bai ji abin kirki ba. Ya daidaita ƙafafun duka huɗu, direban ya tafi. Ba a jima ba ya dawo, ya ce kukan yana nan.

Wani makaniken da sai ya ce ya yi iya nasa. Baba ya zagaya motar, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya yana kallon gadon da ake kwantar da maras lafiya. Sai ya kira babbar 'yarsa, wadda take aiki tare da shi, direbobi suna ce mata Yayar Gareji. Ya ce ta zauna a kujerar mai jinya. Shi kuma ya hau gadon ya miƙe, da kayan aikinsa da takalmansa masu baƙin mai, ya ce a ɗaure shi da bel yadda ake ɗaure kowa, direba ya ja.

Yayar Gareji ce ta ba ni labarin abin da ya faru a hanya. Ta ce a miƙaƙƙen wuri bai ce komai ba. Da suka fara hawan gada direba ya danna totur, sai ta ga haɓar Baba tana kaɗawa, ƙarafunan gadon suna ƙara. Ya buga bangon motar ya ce direba ya ɗaga ƙafa, nan take abin ya lafa. Ya ce ya sake takawa, ya dawo. Yana kwance yana kallon rufi ya gaya mata cewa taya ba ruwanta da totur, wannan farfela ce, doguwar sandar nan da ke kai juyin inji zuwa ƙafafun baya, kuma daidai ƙarƙashin bayan maras lafiya ta bi. Ta ce daga nan ya ce shi da ƙashinsa yake lafiya ya ji haka, ina ga wanda nasa yake a karye.

Abin da ba su sani ba shi ne, a mahaɗar titi wata maƙwabciyarsu ta leƙa ta gilashi ta ga Baba a ɗaure a gadon motar asibiti, 'yarsa a kansa. Kafin su dawo labari ya kai gida. Ina zaune a benci sai ga Inna, matarsa, ta sauko daga kan babur mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na wani. Tana cikin tambayata wane asibiti aka kai shi, sai motar ta shigo, ƙofar baya ta buɗe, Baba ya sauko da ƙafarsa yana neman fitilar hannu. Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, “Malam, in ka sake hawa gadon nan alhali lafiyarka ƙalau, ni zan ba ka dalilin hawansa.” Baba ya shige rami. Ya tarar da mahaɗin farfelar ya bushe ya yi lako-lako, ɗan ƙarfen da ke daidaita nauyinta kuma ya fita. Da yamma aka gama aikin. Direban ya ce mini daga baya, wata tsohuwa mai karayar ƙugu da ya ɗauko ta yi barci a hanya, sai da suka isa aka tashe ta.

Kai ne, Baba, ka kwanta inda mai ciwo yake kwanciya don ka ji abin da yake ji. Waɗanda suka bi hanyar nan a kan gadon nan bayanka ba su san sunanka ba, ba su san ma an taɓa yin wata matsala ba. Haka aikinka yake, in ya yi kyau ba a ganinsa.

Amma abin da ya sa ba zan taɓa mantawa da shi ba ya shafi autata. Shekarar da za ta gama sakandare, makarantarsu ta yi hayar wata doguwar bas da za ta kai su wani gari rubuta jarrabawa. Sun taɓa shiga bas ɗin, ta ce mini in tana gudu gilasai har kuka suke, haƙoran mutum suna haɗuwa. Su abin dariya suka ɗauke shi. Ni da na zauna a bencin Baba ban yi dariya ba. Ana gobe tafiya na je tasha na nemo direban, wani dogo da ake kira Gaggawa, na zauna masa a wuya da surutuna har ya gaji ya biyo ni don ya rabu da ni.

Yana tsayawa ko sauka bai yi ba ya leƙo ta taga. Ya ce, “Baba, manna mini dalma a ƙafar gaba in wuce, gobe da sassafe nake da lodi.”

Baba ya sa aka ɗaga gaban bas ɗin, ya kwance tayar dama, ya kwantar da ita. Ya bi bayanta da tafin hannu a hankali kamar mai shafa kan jariri. Da ya zo ɓangaren ciki, wanda ba a gani in tana jikin mota, sai hannunsa ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Sannan ya tattara notocin tayar daga ƙasa ya zuba a aljihunsa, ya koma kujerarsa ya zauna.

Gaggawa ya sauko yana tambayar me ake jira. Baba ya ce masa, “Dalma tana gyara tayar da nauyinta ya karkace. Wannan cikinta ne ya rabu. In na manna mata dalma na rufe mata baki ne kawai, ba za ta sake gaya maka komai ba sai ranar da za ta fashe.”

Nan fa rigima ta tashi. Gaggawa ya ce a mayar masa da tayarsa, ya yi shekara yana tafiya a kanta. Ya ce zai kira 'yan sanda, riƙe notocin mutum sata ne. Baba ya ce ya kira su, shi ma yana da abin da zai nuna musu. Mutane suka fara taruwa, mai shayi ya bar tukunyarsa. Ni kuwa ina tunanin kujerar da autata za ta zauna, don ita mai son gaba ce. Da hayaniyar ta yi yawa Baba ya tashi, ya kama hannun Gaggawa, ya ɗora a kan wurin. Akwai wani kumburi a nan, ba ya ganuwa sosai, amma hannu ba ya tsallake shi. Gaggawa ya shafa, ya sake shafawa. Sai muryarsa ta sauka. Ya tsuguna a gefen tayar ya ce ya daɗe da sanin akwai abin da ba daidai ba, ya sha gaya wa mai motar, amsar kullum ita ce masu neman makullin suna da yawa. Ya ce yana da iyali, in ya ajiye bas ɗin gobe ya ajiye abincinsu.

A nan ne na san Baba ba ƙarfe kaɗai ya iya ba. Bai yi masa wa'azi ba. Ya dube ni ya ce in buɗe bayan motata. Aka ɗora tayar a kan kiret-kiret ɗin da babu komai, mu uku muka nufi wurin mai motar.

Mun same shi a farfajiyar da yake ajiye motocinsa, dattijo ne mai ƙiba, yana ganin direbansa da taya a hannu fuskarsa ta canza. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izini, ya zaro wuƙarsa ya tsaga tayar daidai kumburin. Wayoyin ciki sun yi tsatsa sun rabu da roba, har akwai wani aljihu da Baba ya zura hannunsa duka ya ɓace a ciki. Ya ce wannan a ƙafar gaba take, gobe za ta ɗauki 'yan makaranta a kan titi mai zafi. Sannan ya ƙara da cewa, “Ka gode wa Allah da direbanka, shi ya kawo ta. Da wani ne da ya yi shiru ya ja.”

Na buɗe baki zan ce ai ni na jawo shi da ƙyar. Baba ya waiwayo ya dube ni, ko yatsa bai ɗaga ba, na haɗiye maganata. Har yau tana nan a maƙogwarona, yanzu ne na samu na fitar.

Mai motar ya daɗe yana kallon tayar. Bai yi faɗa ba, bai kuma ba da haƙuri ba, ya dai kira wani ya ce a kawo sababbi guda biyu na gaba. Kafin rana ta faɗi an ɗaura su, an daidaita, Baba ya fito da notocin daga aljihu ya ɗaure da hannunsa, ya bi Gaggawa suka gwada ta a titi. Washegari na tsaya a ƙofar makaranta na ga autata ta haye kujerar gaba tana ɗago mini hannu. Sun je, sun rubuta, sun dawo. Gaggawa bai rasa aikinsa ba, har yanzu yana jan bas ɗin, kuma duk direban da ya yi ƙorafin karkarwa a tasha, shi ke kamo hannunsa ya kawo shi.

Kai ne ka gwammace a zage ka a gaban jama'a da ka mayar da notocin nan. Kai ne kuma ka ceci 'ya'yan mutane ba tare da ka tozarta wanda ya kusa halaka su ba. Gagara-karkarwa, ban san yadda uwa take biyan irin wannan ba.

A farkon shekarar nan na ji wata 'yar rawa a sitiyarin motata, na kai masa kamar kullum. Muka hau titi, ya ɗora tafinsa, ya lumshe ido. Na ga ya jima fiye da yadda ya saba. Ya ɗauke hannun ya sake ɗorawa. Can ya ce in ja gefe in kashe mota. Na kashe. Hannunsa yana kan sitiyari, motar tana tsaye cik, hannun kuwa yana ta kaɗawa shi kaɗai. Ya zuba masa ido kamar na wani ne.

Ya ce, “Uwar Kaji, motar ta tsaya, ni ban tsaya ba.”

Ya ce ya jima yana lura da shi a kofin shayi, yana ce wa kansa sanyi ne. Yau kuma ya kasa raba rawar hannunsa da ta motar. Muka koma gareji. Ya kira Yayar Gareji a gaban kowa ya ce ta zo ta ji masa wannan. Ita ce ta bi ni titi, ta yi mini tambayoyinsa da muryarta, ta dawo ta ce dalmar ƙafar hagu ta gaba ce ta fita. Baba ya sunkuya ya duba gefen rim, ya ga gurbin, ya gyaɗa kai. Na ga ya juya baya ya daɗe yana gyara gwangwanayen da ba su buƙatar gyara.

Lokacin da 'yar tasa ta ce tana son sana'ar, tana da aurenta da 'ya'yanta, mutane sun yi ta magana. 'Yan'uwanta maza duk sun kama wasu ayyukan, ita ce ta ga abin sha'awa a nan. Baba bai tsaya amsa wa kowa ba, ya koya mata kamar yadda zai koya wa kowa, ba sassauci. Yau direbobin da suka fi kowa surutu a lokacin su ne suke layi suna jiran ta gama da wata motar.

Likita ya ce rawar hannun ta shekaru ce, ba mai kisa ba ce, ya ba shi magani. Da yawa sun roƙe shi ya ci gaba, suna cewa ai inji ne ke aikin. Ya ce inji yana faɗin nauyin tayar da ka ɗora masa ne kawai, ba ya gaya maka wacce za ka ɗora, kuma shi ba zai tura ɗan mutum kan babban titi da “wataƙila” ba. Ba wanda ya kama shi da kuskure. Shi ya kama kansa tun kafin a yi, ya sauka da mutuncinsa. A cikin duk abin da na gani a wurinsa, wannan ya fi ba ni alfahari.

Kwanan baya na je gidansa in gaya masa zan yi wannan rubutu. Na tarar da shi a falo yana zaune kansa a sama, Inna tana tsaye a kan tebur da gam a hannu tana manna ɗan ƙaramin zoben ƙarfe a fiffiken fankar rufi, shi yana ce mata ta matsa ciki kaɗan. Ta ce mini tun tana amarya fankar nan take rawa kamar za ta faɗo musu a ka, ya gyara motocin duniya bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba, sai yanzu da ya rasa abin yi. Aka kunna, ta juya lif ba ko motsi. Inna ta sauko tana cewa Allah ya sa ta ga wannan rana da idonta.

Na gaya masa abin da ya kawo ni, na tambaye shi me yake so in rubuta. Na ɗauka zai ba ni tarihin yadda ya fara. Ya yi tunani, ya ce, “Ki ce musu su riƙa duba iskar taya da safe, tun ba ta yi zafi ba.” Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

To, ga shi na faɗa muku, ku riƙa dubawa. Sauran kuwa nawa ne. Makanikai, ku tsaya ku nemi dalili kafin ku kwance abin mutane, kuma in kun ga abin da zai kashe, ku ƙi, ko da za a zage ku. Direbobi, in mota ta fara magana ku kai ta inda za a saurare ta. Mu kuma da muke shiga mu zauna a kai mu, kowannenmu yana da wani mai baƙin hannu da ya taɓa tsayawa tsakaninsa da mummunan labari. Ku neme shi ku gaishe shi yanzu, kada ku jira sai an shimfiɗa tabarmar ta'aziyya.

Baba, mun gode. Na gode a madadin autata da ƙawayenta, da marasa lafiyar da ba su san ka ba, da duk wanda ya bar gida da safe ya dawo da yamma ya tarar da iyalinsa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi, ya albarkaci hannun da ka bar mana a gareji. Ka kai mu gida lafiya shekara da shekaru. Yanzu kai ma koma gida ka huta.